Daga Kwalkwalawa zuwa tekun Ikko: yadda ake haɗa kayan jan koto a bayan jirgi

Wani matashi ɗan masunta daga Kwalkwalawa ya aiko mini da tambaya. Yayansa ya samo masa aikin yaron jirgi a Legas, wurin wani mai hali da yake fita teku Asabar da Lahadi neman manyan kifaye, irin kamun kifin nan da ake sakin koto a bayan jirgi ana ja jirgin yana tafiya. Ya ce: "Baba, na iya birgi, na iya mamari, amma ban taɓa ganin teku ba. An ce maigidan zai ba ni kuɗi in sayo kaya in haɗa. Wane koto ne ya fi kama kifi, kuma ta ina zan fara?"

Ɗana, Allah ya sa alheri a wannan tafiya. Na yi shekaru ina wannan aiki a Ikko kafin in dawo gida Sakkwato, kuma duk sabon yaron da aka kawo mana, koto yake fara tambaya. Zan zo kan koton, amma ka yi haƙuri in ajiye shi can gaba, domin a kifi goma da na ga sun kuɓuce, da wuya ka sami ɗaya da laifin koto ne. Ƙulli ne ya kwance, ko lida, zare mai kauri na kusa da koto, ta yanke, ko an ɗaure birkin na'urar naɗe zare fiye da kima.

Ka fara sanin abin da ya raba wannan su da namu. A gulbin Rima kai kake tsaye, kifi ya zo ya taɓa, ka fizga. A teku jirgi yana gudun kilomita 11 zuwa 15 a awa, abin da matuƙa suke cewa not 6 zuwa 8, koto yana tsalle a cikin kumfa, sai kifi ya taso a guje ya cafke shi ya juya. Gudun jirgi da gudun kifi suna haɗuwa a kan zare ɗaya cikin ƙiftawar ido. Jirgin ne yake kafa ƙugiya, babu ruwanka da fizga. Giwan ruwan da ake cin gasa da shi a Argungu, mai kilo 70 da wani abu, da hannu da koma ake rungumo shi a ruwa mara zurfi. Tuna, wani kifin teku, ko mai kilo 30 kacal ce, tana iya zare maka zare mita 200 kafin ka gama salati, kuma ƙasa take nufa, inda ba ka da ikon binta. Saboda haka duk abin da za ka haɗa, daga ril, na'urar naɗe zare, har bakin ƙugiya, ka haɗa shi don wannan bugu na farko.

Sanda da ril ba sa bukatar dogon bayani. Ana auna kayan da nauyin da zare yake ɗauka kafin ya tsinke, kuma da fam ake rubutawa a jiki: 30, 50, 80. Mai fam 30 kusan kilo 14 ke nan, mai fam 50 kusan kilo 23. Ga mai farawa, biyu masu 30 da biyu masu 50 sun isa. Mai 80 na masu neman malin ne, wani ƙaton kifin teku mai dogon baki, ana zama da shi kan kujera ta musamman, kada ka bari a kashe kuɗi a kansa yanzu. Ril kuwa, wato na'urar da take naɗe zare, ka nemi mai birkin hannu da ake turawa gaba a dawo da shi baya, irin su Shimano TLD ko Penn International. Ko na hannu ne ka saya, in dai an buɗe an duba cikinsa babu tsatsa. Ka cika shi da zaren nailan, mita 500 ko fiye. Za a nuna maka zaren saƙa mai siriri da ƙarfi a ce ya fi. Yana da nasa amfani, amma ba ya miƙewa, kuma yana yanka yatsa kamar reza. Nailan yana miƙewa ya shanye bugu, yana yafe wa sabon hannu kuskurensa.

To, birki. Nan nake so ka tattara hankalinka. Birkin ril shi ne yake barin zare ya fita idan kifi ya ja da ƙarfin da ya kai wani mizani. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce a ɗaure shi a kashi ɗaya cikin huɗu, iyaka ɗaya cikin uku, na ƙarfin zare. Zare mai fam 50, birki ya tsaya tsakanin kilo 6 da 7 da rabi. Mai fam 30, kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi. Kada ka auna da hannu ka ce ka ji daidai, hannu yana ruɗin mutum. Ka sayi ƙaramin sikelin rataye irin na masu awon kaya a kasuwa, ka zura zare ta dukkan zobban sanda, wani ya riƙe sandar a karkace kamar yana fama da kifi, kai ka ja sikelin har zare ya fara fita, ka karanta. In babu sikeli, litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce: zuba lita 6 a jarka ka ɗaura. Kowace safiyar fita ake maimaita awon nan, domin zafi da gishiri suna sauya shi.

Za ka ce, me ya sa za a bar kashi biyu cikin uku na ƙarfin zare a banza? Ba a banza yake ba. Ƙulli yana rage ƙarfin zare. Ruwa ma yana jan zaren da ya fita, musamman idan kifi ya yi kwana zaren ya yi ciki. Sannan ga abin da yawancin yara ba su sani ba: yayin da zare yake ƙarewa a kan ril, naɗin yana ƙanƙancewa, birki kuma yana ƙara ƙarfi da kansa ko ba ka taɓa shi ba. Idan kaurin naɗin ya ragu zuwa rabi, ƙarfin birki ya ninka. Kilo 7 ɗinka ya zama 14. A daidai wannan lokaci ne zuciyar ɗan gulbi take cewa zare zai ƙare, bari in ƙara ɗaurewa, ko in danna da babban yatsa. Wanda ya yi haka ya tsinke zarensa da hannunsa. Idan ka ga naɗi ya yi ƙasa sosai, sassautawa ake yi kaɗan, a ce wa kyaftin ya juya jirgi a bi kifin. Wannan shi ne abu mafi wuya da na koya, domin ya saɓa wa duk abin da hannuna ya saba tun ina yaro.

Daga ƙarshen zare zuwa koto akwai mahaɗa uku ko huɗu, kowace kuma tana iya zama inda za a rabu. Da farko ana ninka ƙarshen zaren ya zama biyu, tsawon kamar mita ɗaya ko biyu, da wani ƙulli da ake kira bimini: ana murɗa zaren sau 20 ko fiye sannan a bar shi ya naɗe kansa. Idan an yi shi daidai, kusan bai rage ƙarfin zare da komai ba. Ba a koyon sa da karatu, sai ka zauna gaban wanda ya iya. Kafin ka iya, ƙullin yuni mai zagaye shida ya wadatar, in ka jiƙa shi da yawu kafin ka ja, domin busasshen nailan yana ƙona kansa wurin matsewa. A wannan ƙarshen ake ɗaura suwibul, ɗan ƙarfen da yake juyawa don kada zare ya murɗe, mai maƙalli a baki da ake sauya koto da shi. Sayi mai ƙwallayen boris a ciki, kuma baƙi. Mai ƙyalli yana jawo kifi mai haƙori ya cije shi a maimakon koto. Araha ba ta ado, a nan kam kada ka nemi sauƙi.

Bayan suwibul sai lida, wato zare mai kauri da yake tsakanin babban zare da koto, shi yake shan gogar baki da jela da jikin kifi. Ga tuna da dorado, wani kifi mai launin kore da zinariya, nailan mai fam 100 zuwa 150, tsawon mita 3 zuwa 4. Ga barakuda da wahu kuwa, kifaye masu kaifin haƙori, ka tuna da tsage. Ka san yadda tsage yake datse zare a gulbi, to waɗannan yayyensa ne. Wahu yana raba nailan mai fam 200 kamar an sa almakashi. Su sai waya. Amma waya tana rage cizo, tuna musamman tana da ido, kifi na ganinka mai jar koma. Abin da nake yi shi ne in sa waya a sanduna biyu na kusa da jirgi, in bar nailan a na nesa, in kuma muna kusa da gaɓa inda barakuda ya yi yawa, duka waya.

Nailan mai kaurin nan ba ya ƙulluwa da kyau, matse shi ake yi da ɗan bututun ƙarfe da filaya ta musamman. Bari in gaya maka abin da ya same ni a kan wannan. Wata rana mun fita da wani maigida da na yi wa aiki, daren jiya na haɗa lida shida, bututun da ya dace ya ƙare sai na yi amfani da wanda ya ɗan fi girma, na matse da filayar gyaran injin. A ido lafiya lau. Da hantsi wani mai dogon baki kamar mashi, mai ƙaya a gadon baya kamar tuta, ya ɗauki koton nesa, ya yi tsalle sau biyu muna kallo, sai zare ya saki. Da na naɗo, ƙarshen lidar ya fito sumul, babu yanka babu ƙuje, ya zame ne daga cikin bututun. Mutumin ya yi wata da watanni yana neman irin wannan kifi. Bai ce mini komai ba, kuma har yau shirun nan yana damuna. Tun daga ranar ban sake ajiye lidar da ban rataya a ƙarfe na ja da dukkan nauyina ba.

Ga yadda ake yi. Bututu ya dace da kaurin lida, lambar tana jikin leda. Na alminiyam na nailan ne, na tagulla na waya mai igiya, domin alminiyam da baƙin ƙarfe in sun haɗu a ruwan gishiri suna cin juna. Ka zura lida ta bututu, ta idon ƙugiya, ta dawo ta bututun. Ka ɗan ƙona ƙarshenta da laita ya yi kai kamar na ƙusa, ka ja shi ya zauna a bakin bututu. Wurin matsewa ka bar bakin bututun biyu ba ka taɓa ba, su ɗan buɗe, domin bakin da aka matse yana zama wuƙa. A cikin madaukin kuma ka sa ɗan tiyo na roba don ƙarfe kada ya ci nailan.

Yanzu koto. A shago za ka ga bango guda cike da launuka, ka riƙe aljihunka. Iri uku sun ishe ka shekarar farko. Na ɗaya mai siket: kai mai nauyi da jelar roba mai tsaga-tsaga, lida tana ratsa tsakiyarsa, ƙugiya tana ɓoye cikin siket ɗin. Tsawon santimita 15 zuwa 20 shi ne mai kama kowa, dorado da tuna da wahu, har mai tutan nan. Siffar kai ta fi launi muhimmanci. Mai kai kamar harsashi yana tafiya miƙe a kowane gudu, ko teku ta yi fushi, shi ne abokin mai koyo. Mai fuska a shafe ko a karkace yana nutsewa ya taso ya kamfaci iska ya koma, yana barin layin kumfa a bayansa, yana kira sosai amma yana son a iya ajiye shi. Na biyu mai leɓe, siffar kifi da ɗan faranti a baki da yake sa shi nutsewa, irin Rapala Magnum. Shi ne maganin barakuda, sai dai ba ya son gudu mai yawa, in ya fara fitowa sama yana birgima to an wuce ƙarfinsa ko ya kwaso ciyawa. Na uku ɗan guntun katako mai kan dalma, ko mai gashin tsuntsu. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma tuna tana son sa. Launi kuwa, shuɗi da fari, baƙi da shunayya, kore da rawaya, ka ɗauki biyu-biyu ka wuce.

Ƙugiya ga irin wannan girma lamba 7/0 ko 8/0. Ma'aunin da ba ya kuskure: faɗin bakin ƙugiya ya yi daidai da faɗin kan koton. Ka jera 'yan duwatsun roba a kan lida tsakanin kai da ƙugiya har lanƙwasar ƙugiyar ta zo daidai ƙarshen siket, domin kifi da yawa daga baya suke kamawa. Ƙugiya ɗaya tak. Masu leɓe suna zuwa da ƙugiya mai baki uku, ni cirewa nake yi in sa mai baki ɗaya, saboda dorado idan ya hau jirgi haukacewa yake yi, kuma na ga ƙugiya ta shiga ƙafar mutum kifin yana maƙale a ɗaya bakin. Ka ajiye ƙaramin magagari. Ƙugiyar da ka ja a kan farce ta zame ba ta kama ba, a wasa ta.

Wurin sakin koto, kada biyu su yi tsawo ɗaya, in ba haka ba da jirgi ya yi kwana sun sarƙe. Fara sakin na nesa, kamar mita 60 a tsakiya, sannan 40 a gefe ɗaya, 25 a ɗaya gefen, na ƙarshe 15. Masu nutsewa kusa, masu tsalle nesa. Idan jirgin yana da dogayen sandunan gefe da suke buɗe zare kamar fukafukai, da maƙalli ko robar ɗaure kuɗi ake rataya zaren, kifi yana bugawa ta saki. Ka dubi bayan jirgi, za ka ga taguwar ruwa a jere suna binku. Ka ajiye kowane koto a fuskar taguwa, wajen da yake gangarowa, a ruwa mai haske gefen kumfa. Kuma idonka ya fi agogon gudu gaskiya: koton da yake tashi sama yana tuntsurawa an yi masa sauri, wanda yake jan jiki babu kumfa an yi masa sanyi. Ranar farko sanda biyu kawai ka saka. In ka iya kwana da biyu ba su sarƙe ba, ka ƙara.

Daga Ikko za ku fita ta bakin mashiga, tsakanin katangun duwatsu biyu kusa da Tarkwa Bay, hanyar da manyan jiragen Apapa suke bi. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma idan ruwan da yake fita ya yi karo da taguwar da take shigowa, wurin nan ya fi ko'ina haɗari. Zauna ka riƙe ƙarfe, da rigar ceto a jikinka, ko da ka fi kowa iyo a Rima. Kusa da gaɓa ruwa kore ne, nan barakuda yake. Sai kun yi nisa ya koma shuɗi kamar an zuba baba, nan tuna da dorado da wahu suke. Inda kore da shuɗi suka yi iyaka, ku bi layin. Tsuntsaye suna faɗawa ruwa, akwai ƙananan kifi, manya suna ƙasa. A zagaya gefensu, kada a ratsa tsakiya a watsa su. Gungume ko tarin ciyawa yana yawo, dorado yana ƙarƙashinsa. Daga Nuwamba zuwa Maris teku ta fi kwanciya, sai dai hazon hunturu da ka sani a gida yana kaiwa har can ya rufe gaɓa. Tsakiyar damina kuwa, Yuni zuwa Satumba, ba lokacin koyo ba ne. Rediyon jirgi tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, ka sa a nuna maka yadda ake kira tun ranar farko. Dandamalin haƙar mai kuma ba a matsarsa ƙasa da mita 500.

Idan ril ya yi ƙara, kada kyaftin ya tsaya nan take. A ci gaba da tafiya 'yan daƙiƙu, ƙugiya ta zauna, sau da yawa ma na biyu yana bugawa domin tuna da dorado garke suke yi. Aikinka shi ne ka naɗe sauran zaruruwa da sauri, ka ajiye kotunan inda ba za a taka ba. Idan kifi ya zo gefen jirgi ka kama lida, da safar hannu, kuma kada ka taɓa naɗa ta a hannu yadda ba za ka iya saki ba. Babban kifi yana jan mutum cikin ruwa, an rasa rayuka ta haka. Abin yanka ya kasance a ɗamararka kullum. Kowane ril kuma a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi.

Kifin da aka hau da shi, a zubar da jininsa a sa shi cikin ƙanƙara nan da nan. Tuna da dorado idan suka sha rana suna haifar da wata guba a naman da dafuwa ko suya ba ta kashewa, mai ci ya yi ta ƙaiƙayi da ciwon kai da amai. Mun saba kifi ya yini a kwando kafin a kai kasuwa ko a banda shi, can ba a yin haka. Da kun dawo kuma, kafin ka ci abinci, ka wanke sanda da ril da koto da ruwan daɗi, yayyafi ba feshi mai ƙarfi ba, ka sassauta birki gaba ɗaya kafin ka ajiye. Ka bi mita goma na ƙarshen zare da yatsa, inda ka ji kaushi ka yanke ka sake ƙulli.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka hau mota, ka nemi nailan mai kauri ka ɗaura a reshen darbejiya, ka yi ƙullin yuni sau ɗari, kana rataya jarkar ruwa a kowanne kana ganin inda yake tsinkewa, har ka iya yin sa ido a rufe, domin a kan teku jirgi yana rawa hannu kuma a jiƙe yake. Tsohuwar filayata da ragowar bututu suna nan a gida. Ka zo bayan la'asar ranar da ka sami sarari in nuna maka bimini da matsi, in kuma an sami jirgi mai inji mu je Goronyo ka ga yadda koto yake tafiya a bayan jirgi.